Ficewar Ingila da Murfin Tukunyar Baffa Ilu

Duk wanda ya hau matakalar gidanmu na unguwar Rusaifa a Makka bayan La'asar a waccan shekarar ya san ba a wuce Baffa Ilu haka kawai. Yana nan zaune kan darduma a kwanar hawa na farko, ƙafa ɗaya a miƙe ta tare hanya, rediyo a cinya, shayi da na'ana'a a gefe, ga wani dogon ludayin ƙarfe a hannunsa wanda ba miya yake zubawa da shi ba. Ka yi sallama, ya amsa maka da kyau, har ya tambayi iyali. Ƙafar ce dai ba za ta motsa ba.

"Kana ciki ko kana waje?"

Ku da kuka sha wannan tambayar kun san ba gidanmu ake nufi ba. Mutanen Ingila ne suka kaɗa ƙuri'a cewa za su fice daga ƙungiyar ƙasashen Turai, sai ficewar ta gagare su, shekara ta zagayo ta sake zagayowa suna ta hayaniya a majalisa. Wannan rigimar ce Baffa ya ɗauka ya aza a kansa. Mutumin da a Makka aka haife shi, a Makka ya tsufa, duk yawonsa na duniya bai wuce Madina da Jidda ba, sai Kano sau ɗaya, inda ya dawo yana ƙorafin wai mutanen can sun cika surutu. Shi fa ke faɗar haka.

Ban manta ranar da ya tare mai kawo mana gas ba, wani bawan Allah ɗan Yaman, ga ƙarfen nan a kafaɗarsa, gumi na zuba. Da ya ji tambayar sai ya yi murmushi ya ce, "Ana ma'ak, ya Ammi," wato ina tare da kai.

"Tare da ni a ina? Ka san inda nake?" in ji Baffa. "Irinku ne kuka lalata majalisa. Ajiye kayan nan in yi maka bayani."

Umma na sama, albasa a yanke, wuta a mace, tana jiran gas. Da na sauko neman mutumin sai na tarar da shi zaune a kan matakala da kofin shayi a hannu, Baffa na yi masa bayanin iyakar kan tudu da ta ruwa da Larabci. Daga ranar, a ƙofar gida yake ajiye gas ɗin ya buga mana waya.

Na taɓa tambayarsa, cikin gajiya, me ya haɗa shi da Ingila. Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya haɗa shi da sunansa.

"Asma'u, kakana ya baro Kano a ƙafa don kada ya kwana ƙarƙashin mulkin mutanen nan. Shi ne ya fara ficewa, ba ƙuri'a, ba yarjejeniya, ya ɗauki butarsa ya yi gabas. Su da suka zo suka ja mana layi a ƙasa suka ce nan naku nan nasu, yau Allah ya nuna mini sun kasa raba kansu da maƙwabtansu. Kina so in rufe ido?"

Laifina ɗaya ne a duniya, da Turanci na karanta aikin jinya. Shi ke nan na zama tafinta. In dawo daga asibiti ƙafafuna na zogi, ya miƙo mini waya in fassara masa zaman majalisarsu. Wani ya yi ta kumfar baki, Baffa ya ce, "Me ya ce?" In ce, "Ya ce bai yarda ba." Ya ce, "Duk wannan dogon zancen? Kina cinye rabin maganar a hanya." A nan ya ga mai tsawatar wa 'yan majalisar yana ihun "Oda! Oda!" Abin ya shiga ransa. Ya naɗa ni Kakakin Majalisa, amma ihun bai bar mini ba, shi ya riƙe.

Da ihun kaɗai ne da da sauƙi. Akwai tukunyar tagulla a gidanmu wadda mahaifin su Baffa ya fara sana'ar girki da ita a Arfa, lokacin aikin Hajji. Ita suka gada, shi da ƙanensa Hamisu, wato Abbana, suka ci gaba da ciyar da mahajjata har suka tara manyan tukwanen zamani. Tsohuwar sai ta koma ta Juma'a. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci a cikinta ake dafa shinkafa da nama, a juye a manyan farantai, 'ya'ya da jikoki da maƙwabta kowa ya sa hannu. Murfinta ya kai faɗin tabarmar yaro. Shi Baffa ya mayar gangarsa. Da an fara magana biyu-biyu sai ya kwaɗa masa ludayi, ƙarar ta fita har bakin titi, tantabarun rufin gida su watse.

Ranar da ya fi ba ni haushi cikin azumi ne. Ina bakin aiki, na duba waya na ga kiran Baffa a kan kira. Gabana ya faɗi. Na fita baranda, tunanina Abba ne ya faɗi a matakala.

"Baffa, lafiya? Me ya faru?"

"Ta sauka."

"Wa ya sauka?"

"Matar nan, firaministarsu. Ta ajiye shugabancin jam'iyya, har muryarta ta karye a bakin ƙofa. Ki dawo da wuri, akwai aiki."

Na tsaya da waya a kunne, bakina da azumi, ina ta karanto wa kaina falalar haƙuri.

Aikin kuwa shi ne zaɓen wanda zai gaje ta. Abokin gardamarsa Malam Idi ne, telan nan na ƙarshen layinmu, mutumin Damagaram, wanda Baffa ba ya kiransa da komai sai Ɗan Faransa. Malam Idi na ganin ficewar wauta ce. Baffa kuwa ya tsaya tsayin daka a bayan wani ɗan takara da ya raɗa wa suna Mai Gashi, saboda kansa kullum kamar yanzu ya tashi daga barci.

"Alhaji Ilu, mutumin da bai iya gyara kansa ba shi zai gyara ƙasa?" in ji Malam Idi.

"Wanda ke da lokacin taje kai ba shi da aikin yi. Wannan zai fitar da su ko ta taga."

"To shugaban 'yan adawa fa, tsohon nan mai gemu?"

"Wannan? A tambaye shi ciki ko waje ya ce yana tare da kowa. Ɗan'uwan mai gas ne."

Da Mai Gashi ya samu shugabancin jam'iyyar, Baffa ya aika aka sayo tsire ya raba wa duk wanda ke kan matakala. Malam Idi ya ci yana cewa cin nan ba mubaya'a ba ce.

Da abin ya tsaya a nan da sai mu ce tsufa ne, mu yi dariya mu wuce. Amma gwiwar Abba ba ta san wasa ba. Mu a hawa na uku muke, gidan tsohon gini ne, sai ƙafa. Abba ya ƙare ƙuruciyarsa a tsaye gaban wuta, gwiwoyin sun cinye. Ya fara hawa yana hutawa, daga nan ya fara tsoron saukowa, har ya kai mutumin da ban taɓa ganin ya rasa sahun gaba ba yana sallar Azahar da La'asar a ɗaki, yana jin liman ta taga. Yayana Nura ya samu gida a unguwar Ka'akiyya, ɗakuna a ƙasa, masallaci na kallon ƙofar. Ba abin da ya rage sai ƙaura.

Sai dai Abba bai taɓa taka ƙafa ya bar gari ba sai wansa ya ce masa je ka. Mahaifinsu ya rasu Abba na ƙarami, Baffa ne ya riƙe shi, ya koya masa riƙon ludayi, ya yi masa aure. Ko Jidda Abba zai je, da furfurarsa, sai ya tsaya a hawa na farko ya nemi izini. Shi kuma Baffa matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa aiki ya kai su wasu garuruwan, a ɗaki da falo yake shi kaɗai a ƙarƙashinmu. Duk mun san wannan, amma mun ɗauka maganar minti biyu ce.

Wata Juma'a, tun kafin wancan azumin, bayan an ci an sha, Abba ya gyara zama ya ce, "Yaya, ina neman izini." Ya faɗi maganar gwiwa, ya faɗi maganar masallaci. Baffa ya lashe yatsa, ya dubi Abba, ya dube ni.

"Kakaki, kin ji? Ficewa ce." Ya goge hannu a hankali. "Tayyib. Ban hana ba, ni mutum ne mai girmama ra'ayin jama'a. Amma ba a ficewa haka siddan. Sai an zauna an yi yarjejeniya."

Muka yi dariya. Umma ma ta yi dariya, washegari ta fara ɗaure kaya a kwali. Allah sarki Umma.

Aka buɗe zama bayan La'asar a kan matakala, ni ce Kakaki. Batu na farko tukunyar tagulla.

"Yaya, ka riƙe ta," in ji Abba. "Kai ne babba."

"Ba a yin haka. Ka nema, in hana, sannan mu tattauna."

"To, ina nema."

"Na hana. A ɗage zama sai gobe."

Gobe ta yi aka shiga maganar ludayi. Jibi aka shiga maganar tantabarun da ke rufin gida, su 'yan ciki ne ko 'yan waje, tunda Abba ke zuba musu hatsi amma a tagar Baffa suke kwana. Aka yi mako ana maganar jikoki, ko suna da 'yancin shigowa Rusaifa ba tare da sanarwa ba. Duk abin da Abba ya ce na yarda, sai Baffa ya ce yarda da sauri alamar akwai wata a ƙasa, a sake dubawa. Ni kuma ina tsakiya da kayan aiki a jikina, ina jin yunwa, ana ce mini in tsawatar.

Sannan ya koyo wata kalma daga rediyo wadda ta zame mana bala'i, ƙarin wa'adi. A bari sai bayan ƙaramar Sallah. Sallah ta wuce, ya ce wa ke ƙaura mahajjata na hanya, a bari a sauko daga Arfa. Aka sauko daga Arfa, ya ce jiki duk ya mutu, kuma ai su ma Turawan sun ƙara wa kansu lokaci, mu wa muka fi gaggawa. Umma ta yi watanni tana rayuwa a tsakiyar kwalaye. In tana neman muciya sai ta kwance kwali, in ta samu ta sake ɗaurewa, don ta rantse ba za ta mayar da komai cikin kabad ba. Wata rana ta zauna a kan wani kwali ta ce, "Asma'u, sauka ki tambayi Baffanki, in mutanen nan ba su fita ba har ƙarshen duniya, a cikin kwali za a yi mini sutura?"

Nura ne ya kawo dabarar a kama Baffa da makaminsa. Ya ce a yi ƙuri'a. Baffa ya yi murna har ya sa sabuwar hula. Ranar Juma'a aka raba dabino, aka ajiye kofi biyu a bayan labule, kowa ya ci nasa ya je ya jefa ƙwallon a kofin ƙaura ko kofin zama. Da aka ɗaga labule, kofin ƙaura ya cika har yana zuba. A kofin zama ƙwallo biyu ne kacal. Ɗaya na Baffa ne. Ɗayan kuma ba wanda ya tambaya, don Abba ya sunkuyar da kai yana ta gyara carbi, Umma na harararsa.

Baffa ya daɗe yana kallon kofunan.

"Wannan jin ra'ayi ne kawai, ba ya ɗaure kowa. Kuma na ga yara sun ci dabino fiye da ɗaya."

Umma, wadda ko ido ba ta haɗawa da shi tun da aka kawo ta gidan, ta yi magana daga bakin ƙofa. "Yaya, ni kuwa na ji a rediyonka akwai wata ƙuri'ar, ta yanke ƙauna ga shugaba. Ita ma da dabino ake yi?"

Baffa ya gyara hula.

"Shugabancin gidan nan ba da zaɓe na same shi ba, Hajiya, haihuwa ce. Ni kamar Sarauniyarsu nake." Ya kwaɗa wa murfi ludayi. "Oda!"

Malam Idi ne kaɗai ya iya faɗa masa a fuska. Ya ce, "Alhaji Ilu, kai fa ban gane maka ba. Ingila ka ce ta fita ko ta taga. Ƙanenka ga ƙofa a buɗe ka tare da ƙafa." Ina zaune a wurin, na zaci zai buga murfi. Bai buga ba. Ya juya kofin shayinsa ya ce, "Ingila tsibiri ce, Idi, ruwa ya riga ya raba ta da mutane. Hamisu ba tsibiri ba ne." Daga nan ya ƙara wa rediyo murya.

Kada ku ɗauka bai damu da gwiwar ba. Da kansa ya kawo shawarar a yi musaya, Abba da Umma su sauko ɗakinsa, shi ya koma hawa na uku. Mutumin da ya girmi Abba da shekaru, ga ciwon ƙirji. Abba ya ce sam. Baffa ya ce zai nuna mana. Ya tattare jallabiya, ya kama ƙarfen matakala, ya fara hawa yana ƙirga mana laifuffukan matasan zamani. Bai kai hawa na biyu ba muryar ta ɗauke. Muka same shi zaune yana haki, ya ɗaga mana hannu kada kowa ya taɓa shi. Da numfashin ya dawo sai ya ce majalisa ce ta tafi hutu.

Ni dai haƙurina ya ƙare ne wata La'asar. Na shigo gida ana tayar da iƙama, na tarar da Abba zaune a tsakiyar matakala da alwalarsa, takalmi a hannu. Ya yi niyyar masallaci, gwiwar ta ƙi. Leɓensa kawai ke bin liman. Na taimaka masa ya koma sama, na sauko na tsaya a gaban Baffa bayan ya dawo daga sallah. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba.

"Baffa, ka samu jam'i?"

"Alhamdu lillahi."

"Abba bai samu ba. A matakala iƙama ta same shi, da takalminsa a hannu. Wasan nan ya isa haka."

Har na fara jin kunyar kaina, sai ya ce, "Sun sa ranar zaɓe a can. In masu ficewa suka ci, na sallame shi. Na yi alkawari, ke ce shaida." Na san lissafin da ya yi. Ya ga mutanen sun shekara suna ja-in-ja, ya tabbata wannan karon ma ba wanda zai yi rinjaye. Amma Baffa, duk rigimarsa, bai taɓa saɓa alkawari ba, don haka na karɓa.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Ana fara yaƙin neman zaɓe Baffa ya sauya sheƙa, ko kunya babu. Mai Gashi da aka ci tsire dominsa ya zama abin zagi.

"Dubi kansa don Allah. Mutumin da bai iya gyara kansa ba shi zai gyara ƙasa?"

"Wannan maganata ce," in ji Malam Idi.

"A bakinka gardama ce, a bakina nazari ne."

Tsohon mai gemu kuwa, ɗan'uwan mai gas, ya zama dattijo mai hangen nesa wanda ba ya gaggawa. Da aka yi muhawara tsakanin shugabannin biyu, Baffa ya sa ni fassara, duk inda Mai Gashi ya yi magana mai ma'ana sai ya ce na ƙara gishiri. Malam Idi, da ya ga Baffa ya shigo layinsa, sai ya ji zaman ba daɗi, ya koma goyon bayan ficewa don kawai a samu abin yi.

Umma kuwa, da ba ta san ko Ingila gabas take ko yamma ba, ta zama 'yar jam'iyya. Ina shigowa za ta tare ni, "Yaya mutuminmu? Ya yi magana yau?" Da kunnena na ji ta bayan sallah tana cewa, "Allah ka ba mai gashin nan nasara, ko waye shi." Gida ɗaya, bene ɗaya, sama na yi wa wani Bature addu'ar nasara, ƙasa na yi masa ta faɗuwa, shi bai san ma muna duniya ba.

Washegarin zaɓen, bayan Asuba, na duba waya. Masu ficewa sun ci, kuma ba da ƙaramin rinjaye ba. Na sauko da gudu, na shirya maganganu masu zafi tun daga sama. Na same shi a wurin zamansa, rediyo a kashe, shayi ya huce. Ƙafar da ke tare hanya a naɗe take.

"Baffa, sakamako ya fito."

"Na ji." Ya girgiza kai. "Mutanen banza. Ni da nake zuga su don na san ba za su iya ba." Ya dubi bango. "Kira mini Hamisu. A'a, bari, kada ya sauko. Riƙe mini hannu."

Ranar ya hau hawa na uku. Mun huta a hanya har ban san sau nawa ba, bai ce majalisa ta tafi hutu ba. Abba na ganinsa ya yunƙura zai tashi, Baffa ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi, ya nemi kwali ya zauna a kai.

"Hamisu, je ka. Gwiwarka ta fi gardamata gaskiya. Allah ya sa gidan ya karɓe ku, ya sa ka samu sahun gaba." Abba ya fara share ido, Umma ta juya baya, ni ma maganganuna masu zafi duk sun gudu. Sai Baffa ya gyara murya. "Saura sharaɗi ɗaya."

Umma ta juyo.

"Tukunya taku ce. Murfi nawa ne."

"Yaya, shinkafa za ta dahu ba murfi?" in ji Umma.

"Ba za ta dahu ba. Shi ya sa."

Haka aka yi. Muka ƙaura Ka'akiyya, tukunya a gaban mota, murfi a rataye jikin ƙusa a kwanar matakalar Baffa. Duk Juma'a da hantsi sai ga shi a motar haya, murfin nan a rungume a ƙirji don ba ya shiga bayan mota, yana gardama da direba a kan hanyar da ta fi kusa. Ya miƙa wa Umma murfin kamar aro yake ba ta, su tafi masallacin ƙofar gida shi da Abba, su dawo su ci a faranti ɗaya, su yi musu har La'asar. In zai tafi sai ya tsaya a ƙofar kicin har a wanke murfi a goge a ba shi abinsa. Nura ya sayo wani murfin a kasuwa daidai bakin tukunyar. Baffa ya dube shi ya ce wannan keta yarjejeniya ce, Abba ya sa aka mayar. Na sha cewa a raina, tsoho da ciwon ƙirji yana yawo da tagulla a tsakiyar zafin Makka, wannan wane irin taurin kai ne. Ban daina jin haushin abin ba sai da ya daina.

Juma'arsa ta ƙarshe bai ci da yawa ba, bai kuma yi musu ba, ko da Abba ya tsokane shi da maganar Ingila. Ya tashi tafiya, na rako shi bakin mota, sai ga Umma da sauri da murfi a hannu.

"Yaya, ka manta abinka."

"Ban manta ba, Hajiya. Ya yi mini nauyi yanzu." Ya shiga mota, ya sauke gilashi, ya dube ni. "Kakaki, rufe zaman."

Ban gane ba, har na ce masa sai Juma'a mai zuwa. Kafin ta zo mun yi masa sallah a Harami.

Yanzu tukunya da murfinta duk suna wurinmu, amma Abba bai yarda a ajiye su tare ba. Ya sa Nura ya kafa ƙusa a bakin ƙofar shigowa. Duk Juma'a da hantsi shi da kansa yake zuwa ya sauko da murfin ya kai wa Umma kicin, in an gama a wanke a goge ya mayar da shi wurinsa. Na taɓa ce masa, "Abba, ai ya bar mana." Ya ce, "Aro ne. Na Yaya ne."

Allah ya jiƙan Baffa Ilu, ya yafe masa gardamarsa, mu ma ya yafe mana ƙosawar da muka yi da shi. Allah ya buɗe masa ƙofar Aljanna ya shiga ba tare da an tsayar da shi a matakala ba, ya ajiye masa wuri mai faɗi kusa da shi, don na san zai tsaya yana jiran ƙanensa.